'Yar Raino a Lokacin Tafiya Hutu: Yaushe Ake Iya Bar Mata Yara?

'Yar raino ita ce yarinyar da ake ɗauka a gida domin kula da ƙananan yara: ta yi goyo, ta yi musu wanka, ta ba su abinci, ta lallashi mai kuka. A birane irin su Kano, Kaduna, Sakkwato da Maraɗi, galibi daga ƙauye ake kawo ta, ta hannun wata 'yar'uwa ko ta hannun dillaliyar da ke haɗa gidaje da 'yan aiki, kuma sau da yawa ba ta kai shekara 18 ba. Muddin ana zaune a gida, aikinta na tafiya ne a ƙarƙashin idon uwar gida da na sauran manya. Maganar takan taso ne idan tafiya ta kama, ko hutun makaranta, ko zuwa yin Sallah a garin maigida, ko bikin dangi a wata jiha, ko Umra, ko 'yan kwanaki a otal. A irin wannan lokaci uwa na so ta shiga hidimar da ta kawo ta, ko ta ɗan sarara, sai ta miƙa wa yarinyar yara na tsawon awanni, wani lokaci har dare. Dacewar hakan ko rashin dacewarsa ta dogara ne ga shekarun yarinyar, da abin da aka koya mata, da shekarun yaran, da kuma irin wurin da aka sauka.

Raino a hannun yarinya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun da can 'yar shekara bakwai ko takwas kan goyi ƙanenta ta fita da shi ƙofar gida, kuma da haka take koyon aikin uwa tun kafin ta zama uwa. Masaniyar zamantakewar al'umma Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta rubuta yadda yara ke ɗauke da babban kaso na hidimar gidajen da mata ke kulle, tun daga aike da talla har zuwa raino. Sai dai wancan raino a babban gida ake yin sa. Ga kaka a ɗakinta, ga kishiya ko facala a madafa, ga maƙwabciya da ke jiyo kuka ta kan katanga. Yarinyar ce ke goyo, amma da jikin yaro zai yi zafi ko ya haɗiye wani abu, kafin ta rufe baki daga ihu babba ya karɓe shi. Yanzu gidajen ma'aikata sun koma na miji da mata da 'ya'yansu kawai, an rufe get, uwa ta tafi ofis. Sunan aikin yana nan yadda yake, amma nauyinsa ya ninka, domin shawarar da a dā manya ke yankewa yanzu ta faɗa wuyan yarinyar.

Idan aka ce an yarda da mai raino, abubuwa biyu ake nufi, kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai amana, wato ba za ta cuci yaro da gangan ba, ba za ta cinye abincinsa ba, ba za ta dake shi a bayan ido ba. Akwai kuma iyawa, wato ta gane haɗari tun kafin ya auku, ta kuma san abin yi idan ya auku. Malaman fiƙihun Malikiyya, da suke lissafa sharuɗɗan wanda za a damƙa wa renon yaro bayan rabuwar iyaye, sun ambaci hankali da amana, sun kuma ambaci iya ɗaukar nauyin renon da amincin wurin zama. Hukuncin ba a kan 'yar aiki aka yi shi ba, amma ma'aunin ya dace da ita. Yawancin iyaye kan tsaya ne a kan amana kaɗai. Dillaliya ta ce yarinyar kirki ce, ba ta da ɗauke-ɗauke, tana sallah, ba ta yawo, shi ke nan hankali ya kwanta. Da wuya a sami uwar da ta taɓa tambayar yarinyar abin da za ta yi idan gyaɗa ta maƙale wa yaro a wuya. Alhali akasarin abin da ke samun ƙananan yara a hannun masu raino daga rashin sani da shagala yake fitowa, kuma yarinya mai kyakkyawar zuciya tana iya rasa sani, tana iya shagala.

Shekaru na da tasiri a nan. Masu binciken ƙwaƙwalwa sun nuna cewa sashen gaba na ƙwaƙwalwar ɗan Adam, wanda ke auna sakamakon abu da danne son rai, ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20. Saboda haka 'yar shekara 13 tana iya goyo da wanki da dafa tuwo kamar babba, amma idan abu ya zo ba zato ta fi babba saurin ruɗewa, kuma idan ta ga wasa ko kiɗa ta fi babba saurin mantawa da abin da aka sa ta. Wannan halin ƙuruciya ne, kuma babu laifinta a ciki.

Doka ma ta yi magana. Dokar kare haƙƙin yara ta Nijeriya ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta haramta ɗaukar wanda bai kai shekara 12 ba aikin gida, ta kuma tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3 ga wanda ya yi haka. A Birtaniya doka ba ta yanke shekarun mai raino ba, amma ƙungiyar kare yara ta NSPCC na ba da shawarar kada a bar yara ga wanda bai kai 16 ba. A Amurka kuwa, inda ake da tsarin kawo matasa daga wasu ƙasashe su zauna da iyali suna raino, ƙa'idar gwamnati ita ce mai rainon ta kasance tsakanin shekara 18 da 26, ta sami horo na awa 32 kafin ta fara, kada aikinta ya wuce awa 10 a rana ko awa 45 a mako. Ba a ba ta yaron da bai kai shekara biyu ba sai ta nuna shaidar ta taɓa rainon jarirai na awa 200, kuma ba a barin ta ita kaɗai da jaririn da bai cika wata uku ba. Ko a ƙarƙashin wannan tsari an ga abin takaici. A 1997 wata budurwa 'yar Ingila mai suna Louise Woodward, wadda ba ta kai shekara 20 ba, ta gurfana a kotu a jihar Massachusetts bayan mutuwar jariri ɗan wata takwas da take raino. An same ta da laifin kisa, daga baya alƙali ya sassauta zuwa kisa ba da niyya ba. Likitoci sun yi ta saɓani a kan musabbabin raunin da ke kan jaririn, amma shari'ar ta sa jama'a sun fara tambayar hikimar barin matashiya marar gogewa da jariri wuni guda. Ta kuma yaɗa sanin wani abu da ya kamata kowace mai raino ta ji: jijjiga jariri da ƙarfi don ya daina kuka na iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwarsa.

Abin da ya sa tafiya ta bambanta da zaman gida shi ne duk abubuwan da ke taimakon yarinyar a gida sun kau a lokaci guda. A gida ta san inda rijiya take, ta san ƙofar da yaro ke sulalewa ta fita, ta san kemis ɗin unguwa da maƙwabciyar da za ta kira. A baƙon wuri ba ta san ko ɗaya ba. Lokacin barcin yara ya rikice, abinci ya canza, rigima ta ƙaru. Ita kanta mai yiwuwa wannan ne karonta na farko da ta ga otal ko filin jirgi, idonta na kan abin kallo. Ga gajiya, domin a gidan biki 'yar aiki ce ake sa wa wanke-wanke da ɗebo ruwa da kai abinci, sannan a ce kuma ta sa ido a kan yara. Hausawa sun ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Mafi haɗari a cikin duka shi ne taro, saboda inda manya suka yi yawa kowa na zaton wani ne ke duba yaron. Uwa ta ɗauka yana wurin 'yar raino, 'yar raino ta ɗauka kakarsa ce ta ɗauke shi, shi kuwa ya daɗe da fita zaure.

Ruwa ne babban abin tsoro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma idan aka auna da yawan jama'a nahiyar Afirka ce abin ya fi ƙamari. Dogon hutun makaranta a Nijeriya da Nijar yana faɗowa ne a tsakiyar damina, daidai lokacin da kududdufai da ramukan da aka haƙi ƙasar gini suka cika, rafuka suka kawo. Yaron birni da aka kai ƙauye bai san kududdufi ba, bai san rijiyar da ba ta da murfi ba. Wanda aka kai otal zai tarar da wurin ninkaya, wanda aka kai Yankari zai tarar da ruwan Wikki mai ɗumi da haske da ke jan hankalin yara, wanda aka kai shaƙatawa Tiga zai tarar da dam. Ba sai ruwa mai zurfi ba ma: ɗan shekara ɗaya da ya leƙa bokiti ko baho, kansa ya rinjaye shi, ba zai iya ɗagowa ba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne yaron da ke nutsewa ba ya ihu, ba ya fantsala ruwa. Shiru abin ke faruwa, cikin 'yan mintuna, a tsawon lokacin da mai raino za ta juya ta amsa waya. Mafi yawan 'yan rainon ma ba su iya iyo ba. Don haka a duk wurin da ruwa yake, bai kamata a bar wa yarinya tsaron ƙaramin yaro ita kaɗai ba, komai kirkinta. Babba ne ya kamata ya tsaya, a kusan da hannunsa zai kai ga yaron.

Sauran haɗurran tafiya sanannu ne, kuma kowannensu na da abin yi da za a iya koya wa yarinya a zama ɗaya. A gidan Sallah da gidan biki gyaɗa da alawa da dabino da ƙananan ƙasusuwan nama suna ko'ina, kuma su ne ke shaƙe yara 'yan ƙasa da shekara huɗu. Jaririn da ya shaƙe har ya kasa kuka ba a ba shi ruwa, ba a lalubar maƙogwaronsa da yatsa. Kife shi ake yi a kan hannu, kansa ya yi ƙasa, a buga tsakanin kafaɗunsa sau biyar da tafin hannu. A gidaje da yawa ana zuba kananzir a robar lemo, yaro mai ƙishi ya kurɓa. Al'adar ɗura masa manja ko sa shi amai na iya tura kananzir ɗin cikin huhu, asibiti ake nufa da shi kai tsaye. Zazzaɓi mai zafi kan jawo wa ƙaramin yaro taune-taune, kuma abin da ake buƙata shi ne a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki, a garzaya da shi asibiti. Mota ma tarko ce. A bazarar Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke haura digiri 40, yaron da aka bari a rufaffiyar mota don an shiga kasuwa na ɗan lokaci na iya halaka. Batun magani kuwa na uwa ne. Bai dace a bar wa yarinya auna maganin zazzaɓi ba, balle a koya mata ba yaro maganin tari don ya yi barci.

Sai ɓatan yara a cunkoso, a tasha, a filin idi, a wurin kallon hawan Sallah, ko a Harami cikin watan azumi. Mutanen Kano ba su manta da 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka gano yara tara da aka sace daga unguwannin birnin aka kai su Onitsha a jihar Anambra. Yarinya da aka yi wa tarbiyyar girmama manya tana da rauni a nan, domin idan wata mata mai kamala ta ce mata uwar yaron ce ta aiko a kawo shi, kunya za ta hana ta musu. Dole uwa ta faɗa mata ƙarara cewa ba a ba kowa yaron sai ta ji daga bakinta.

Duk da haka, zaman 'yar raino kusa da yara ya fi a bar su su kaɗai nesa ba kusa ba. Madeleine McCann, yarinya 'yar Birtaniya mai shekara uku, ta ɓace ne a watan Mayun 2007 daga masaukin hutu a garin Praia da Luz na ƙasar Fotugal, lokacin da iyayenta ke cin abincin dare a kusa suna leƙo yaran lokaci zuwa lokaci. Babu mai raino a ɗakin. Kulle yara masu barci a ɗakin otal a tafi walima ya fi kowane zaɓi muni.

Tarihin Musulunci ya ajiye misalin mai rainon da tafiya ta gwada. Ummu Aiman, Baraka 'yar Habasha, tana cikin ayarin da Amina, mahaifiyar Annabi (SAW), ta kai ɗanta Madina ziyarar dangi yana ɗan shekara shida. A hanyar dawowa Amina ta rasu a Abwa, Ummu Aiman ce ta riƙo Annabi (SAW) har Makka ta miƙa shi ga kakansa Abdulmuɗɗalib. Abin lura shi ne ta daɗe a gidan, tun zamanin mahaifinsa, ta san yaron, yaron ya san ta. Irin wannan yarda a hankali ake gina ta. Shi ya sa ɗauko sabuwar yarinya saura mako guda a yi tafiya, don kawai a sami mai riƙe yara a can, yake da haɗari sosai. Ba a san halinta ba, yaran ba su saba da ita ba balle su ji maganarta, ita ma ba ta san wanda ke da asma ba, ba ta san wanda wani abinci ke tayar wa ƙaiƙayi ba.

Iyalin da ke shirin tafiya da mai raino suna da abin yi tun a gida. A bar mata yaran na awa ɗaya, sannan biyu, a ga yadda aka dawo aka same su. A koya mata taimakon gaggawa a aikace, ko uwa ta koya mata, ko wata ma'aikaciyar jinya, ko a kai ta horon ƙungiyar agaji ta Red Cross. Ta haddace lambar uwa da ta uba, ta san lambar gaggawa ta 112, ta san sunan masaukin, musamman idan ba ta iya karatu ba. Da an sauka, uwa ta zaga wurin tare da ita ta nuna mata rijiya, bene, wayar wuta da ƙofar titi. Miƙa yaro ya zama da baki, a ce ga shi nan a hannunki, idan an karɓa a ce na karɓa. Yara uku ƙanana sun fi ƙarfin yarinya guda a baƙon wuri. Waya tana da amfani don kira, amma ita ce kuma babbar mai ɗauke hankali, kuma uwar da ta hana yarinya kallon waya a bakin ruwa sai ta fara hana kanta.

Akwai wani sharaɗi da ya fi waɗannan duka muhimmanci, wato yarinyar ta iya faɗin gaskiya ba tare da tsoro ba. 'Yar rainon da ake mari idan ta fasa kofi ba za ta taɓa faɗin cewa jariri ya faɗo daga gado kansa ya bugu ba. Za ta lallashe shi, ta goya shi ya yi barci, ta yi shiru. Idan amai ya fara cikin dare, iyaye ba su san dalili ba, likita ma ba zai sami labarin da yake buƙata ba, awannin da za a iya ceto a cikinsu sun wuce. Haka idan ya haɗiyi ƙwayar magani ko batirin agogo. Uwar da ke son lafiyar ɗanta tana bukatar ta tabbatar wa yarinyar, da magana da kuma aiki, cewa faɗin abin da ya faru ba zai jawo mata duka ko kora ba. Tsananin da ake gwada wa 'yan aiki da sunan tarbiyya, yaran gidan ne ke fara ɗanɗana sakamakonsa.

Ita ma yarinyar 'yar wasu ce, kuma amana ce a hannun waɗanda suka tafi da ita. Ya kamata iyayenta su san inda za a kai ta, su amince, musamman idan za a ƙetare iyaka. Tana bukatar wurin kwana mai aminci cikin mata, kada a yasar da ita a falo ko a baranda inda baƙin maza ke wucewa, kada a aike ta cikin dare a garin da ba ta sani ba. Tana bukatar abinci a kan lokaci da barci isasshe, domin wadda ta kwana tana jijjiga jariri ba za ta iya sa ido da rana ba. Tafiyar hutu ce ga iyali, amma gare ta ƙarin aiki ne, kuma ya cancanci ƙarin lada.

Idan aka auna duk wannan, hukuncin bai da wuyar fitarwa. Yarinyar da ba ta kai shekara 12 ba ba a ɗaukar ta aiki sam, doka ta hana. Wadda ke tsakanin 12 da 15 mataimakiya ce, tana iya goyo da wasa da yara a inda babba ke gani, amma ba a fita a bar mata su. Wadda ta kai 16 zuwa sama, ta daɗe a gidan, aka gwada ta, aka koya mata, ana iya bar mata yaro ɗaya ko biyu da suka yi wayo na 'yan awanni, a cikin ɗaki mai tsaro, uwa na kusa kuma wayarta a buɗe. Jaririn goye, yaro marar lafiya, bakin ruwa, cunkoson jama'a da kwana, waɗannan biyar ba a barin su a hannun ƙaramar mai raino, sai uwa ko uba ko wani babba da suka aminta da shi.